Mai Bin Shafin Auta

Litinin 3 ga wata, 1:20 na rana

Oga ya yanke magana yau. Ranar Juma'a 21 ga wata za mu goge duk kalmomin sirrin da ke rumbunmu, duka, ba a bar ko ɗaya ba. Yana faɗa yana ɓare lemo kamar hirar ƙwallo yake yi.

Bari in rubuta abin dalla-dalla. Mu uku ne a ofishin nan, ni da Oga da Dogo, kuma aikinmu ba wani mai wuyar bayani ba ne. Mutum yana da shafin da yake rubutu a kai, ba ya son kowa ya gani, sai ya kulle shi da kalmar sirri ya ba wanda ya ga dama. Wanda aka ba ya shigar da kalmar a manhajarmu sau ɗaya. Shi ke nan, injinmu ya riƙe ta, kowace awa ya je ya ƙwanƙwasa, in akwai sabon rubutu ya ɗauko ya kai masa cikin waya. Shekara shida muna haka. Abin kunyar shi ne, kowane ɗayanmu zai iya danna "nuna" ya karanta kalmar kowa. Ni na fi kowa ɗaga murya a kan a gyara. Ni da bakina! Wata nawa ina yi wa Oga naci.

To ga shi an yarda. Sabuwar manhajar za ta ɓoye kalma yadda ko mu ba ma iya gani, amma sai kowane mai bi ya sake shigar da tasa da hannunsa. Wanda bai sake ba kafin 21, an sauke shi.

Dogo ya ce, "Anti, kin ci yaƙi fa. Ko shayi ba za ki saya mana ba?"

Na yi dariya. Ina jin ta fito daidai.

Litinin, 6:45 na yamma

Na sa wayar Umma caji.

Talata 4, 7:05 na safe

Gara in gaya wa littafin nan, tunda shi ba ya kai ƙara.

Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar Umma, wata goma sha huɗu kuma rabona da muryar Auta. Mu biyu kaɗai Umma ta haifa, na ba ta shekara tara. Abin da ya faru a barandar asibiti ba zan rubuta shi ba, balle maganar kiran da ban yi da wuri ba. Ta faɗi nata, na faɗi nawa, nawa ya fi muni. Tun a mota ta toshe lambata.

Lokacin da Auta ta samu aiki a ɗakin gwajin jini a wani gari, tafiyar awa biyar daga nan, sai ta buɗe shafi mai kulle don Umma kaɗai, saboda kunnen Umma ya yi nauyi, hira a waya ba ta yi musu daɗi. Ni na buɗe wa Umma asusu a wajenmu, na ƙara mata girman rubutu. Amma da aka zo kan kalmar sirri Auta ta fizge wayar, ta juya min baya ta shigar, ta rubuta wa Umma a tafin hannu tana cewa, "Ban da 'yan sa ido." Muka yi ta dariya, Umma tana cewa Allah ya shirye mu.

Bayan rasuwa Auta ta aiko Gwaggo ta karɓar mata wayar. Na ce ta ɓata a asibiti. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ƙarya nake, na sani, haushi ne. Wayar tana cikin durowar gefen gadon Umma, ƙarƙashin katin asibiti da kwalbar man zafi. Sati biyu bayan nan na sa ta caji don in nemi lambar mai gyaran famfo, sai ta yi ƙarar nan tata mai kamar an buga cokali a kofi.

Auta ba ta daina rubuta wa Umma ba. Ni kuma ban daina karantawa ba.

Laraba 5, 12:40 na rana

Na duba. Asusun Umma yana cikin jerin, layi na dubu biyu da ɗari da sha ɗaya. Kalmar tana gefe a rufe da ɗige-ɗige. Shekara huɗu tana gabana ban taɓa dannawa ba, har ma ni na gina rajistar da ke rubuta sunan duk ma'aikacin da ya danna. Wai ni mai amana. Mai amanar da take karanta wasiƙar da ba tata ba kullum kafin ta wanke baki.

Alhamis 6, 7:15 na safe

Ta rubuto.

"Umma, takalmin nan da kika ce ba zai yi wata ba ya cika shekara biyu, sai dai kuka yake in ina tafiya, marasa lafiya suna jin zuwana tun daga ƙarshen baranda. Yau ma na duba: mai bi ɗaya, ya zo ƙarfe shida. Na san inji ne, ban haukace ba. Amma ki bar ni da shi."

Kullum sai ta duba lambar nan. A ƙasan shafinta ake nuna mata masu bi nawa ne, da lokacin da injin ya zo. Ba ta taɓa wuce ɗaya ba.

Na kama kaina ina amsawa a fili, "To, Allah ya yi albarka," da irin muryar Umma, har da jan ƙarshen nan da take yi. Ni kaɗai ce a gidan. Na tashi na bubbuɗe tagogi.

Juma'a 7, 3:30 na yamma

Na rubuta sanarwar da za a aika wa kowa, masu shafi da masu bi. Na sa layi ɗaya cewa a da ma'aikatanmu suna iya ganin kalmomin, yanzu an toshe wannan. Oga ya zaro biro ya soke shi.

"Ke so kike a kai mu kotu? Ki ce domin ƙarin tsaro. Ya isa."

"Oga, ai gaskiya ce."

"Na ce miki ƙarya ce? Cewa na yi a cire."

Na yi ta masifa kamar gaske, har Dogo ya zare abin kunnensa yana kallon ikon Allah. Yau ni ce mai wa'azin gaskiya. Kai, ni ma dai!

Asabar 8, 9:00 na safe

Ba ta rubuto ba.

Lahadi 9, 5:00 na yamma

Ba ta rubuto ba. Na sa wayar caji duk da tana da tamanin.

Litinin 10, 2:10 na rana

Sanarwa ta fita ƙarfe tara. Kafin sha ɗaya wayar ofis ta yi zafi. Yawanci masu zagi ne, su ba su dame ni ba, na iya da su. Sai wani dattijo ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ɗansa ne ya shigar masa da kalmar shekara uku da suka wuce, shi bai san ta ba.

Na karanta masa abin da ke takarda. "Baba, sai dai ka tambayi mai shafin."

Sai ya ce, "'Yata, in da zan iya tambayarsa ai da ban kira ku ba."

Ban tambaye shi dalili ba. Na ce ya yi haƙuri, doka ce. Ya yi min godiya, wallahi godiya ya yi min, ya kashe. Na shiga banɗaki na yi ta watsa wa fuskata ruwa har gaban rigata ya jiƙe.

Talata 11, 10:30 na safe

"Umma, an aiko wai sai kin sake shigar da kalma kafin 21. Na gane rubutun babbar 'yarki, ita ce mai sa 'don Allah a kula' sau uku a magana ɗaya. To ta yi nasara, ta raba ni da ke karo na biyu, ba ta ma san ta yi ba. Ranar nan ɗaya zai koma sifili. Ina ta gaya wa kaina lamba ce kawai. Amma in na tashi da safe, wa zan gaya wa na tashi?"

Karo na biyu. Sau shida na karanta. Na zo ofis da silifas ɗin banɗaki, sai a mota na lura, wata mata tana ta kallon ƙafata tana kau da kai.

Kuma sau biyu na sa "don Allah a kula", ba uku ba. Na ƙirga.

Laraba 12, 2:20 na rana

Don in shagaltar da kaina na ƙirga asusun da hannun mutum bai taɓa ba sama da shekara, amma injinmu yana ci gaba da zuwar musu. Ɗari uku da bakwai. Wasu mantawa suka yi, wasu waya suka canza. Sauran fa? Na zauna ina kallon rajista tana gudu a baƙin allo, kowane layi suna ne da lokaci: ya zo, an buɗe masa, ta zo, an buɗe mata. Ƙarfe biyu daidai na Umma ya wuce ta gabana. Nata ba ya cikin ɗari ukun, tunda a lissafin inji kullum da safe tana karatu.

Na'urar sanyaya ofis ta lalace tun jiya. Oga da Dogo suna ta fifita da kwali, ni kuma na ɗauko rigar sanyi. Dogo ya ce in je a duba min jini. Na ce ya kama kansa.

Juma'a 14, 7:30 na yamma

Gwaggo ta biyo daga wajen likitan ido. Ta ƙi zama a falo, sai ɗakin Umma. Ta zauna a bakin gado, gwiwarta tana taɓa durowar. Ni kuma ina ta roƙon Allah kar Auta ta rubuto yanzu.

"Ke ce babba. Ki nemi yarinyar nan."

"Gwaggo, ta toshe ni."

"Hanyar mota ma ta toshe? Ko ƙafarki aka yanke?"

Na ce zan duba. Ta ce tun bara nake dubawa. Da za ta fita ta tsaya ta shinshina, ta ce ikon Allah, ɗakin har yanzu ƙamshin man zafin uwarku yake. Ban gaya mata ni nake buɗe kwalbar ba.

Lahadi 16, 6:40 na safe

Na yi mafarkin Umma. Ba wani abin tsoro, tana zaune a bakin gado tana laluben ƙarƙashin matashi, tana cewa ina aka kai mata wayarta, yarinyar nan tana jira. Wayar tana hannuna a bayana. Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, kallon nan na in mutum ya ɗebi sukari ya ce ba shi ba ne. Ta ci gaba da nema.

Na sa ta caji.

Litinin 17, 1:00 na rana

"An ba ni hutun sati biyu. Na liƙa sunan wani a kwalbar jinin wani, Allah ya sa shugabarmu ta gani kafin ya fita. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni yaushe rabona da abinci, ni kaina ban tuna ba. Saura kwana huɗu, Umma."

Auta! Autar da take gyara wa malamai kuskure tun tana firamare.

Na buɗe imel, shi ba ta toshe ba. Na rubuta, "Auta, ni ce, don Allah ki ci abinci." Na tsaya. Ta ina na san ba ta ci ba? Na goge. Na rubuta, "Ya kike?" Wata goma sha huɗu, sai ya kike? Na goge. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba wanda zan gaya wa ba tare da na gaya masa sauran ba.

Laraba 19, 4:40 na yamma

Dokar ofishinmu ce, ba wanda aikinsa zai shiga manhaja sai wani ya karanta ya sa hannu. Dogo ya turo min nasa, ya ce ɗan ƙari ne Oga ya nema, in duba kafin a tashi. Na buɗe, haruffan suna ta yawo a idona. Dogo ba ya kuskure. Na sa hannu.

A hanyar gida na wuce layinmu ban sauka ba, sai da mai mota ya ce nan ne ƙarshe.

Alhamis 20, 7:10 na safe

"Saura kwana ɗaya." Abin da ta rubuta ke nan.

Ba zan danna ba. Na rubuta a nan don in gani da idona. Ba zan danna ba.

Juma'a 21, 9:40 na safe

Na danna.

Na riga kowa zuwa, mai shara ma ba ta gama ba. Na zo da wayar Umma a jaka, karo na farko da ta fita daga gidan tun rasuwar. Ba zan rubuta kalmar a nan ba, ba tawa ba ce. Na fita matakalar baya inda ake tara karyayyun kujeru, na shigar da ita a wayar. 9:12. Ɗan koren nan ya fito: an tabbatar.

Ba don ni na yi ba. Ba abin da zai canza a wajenta. Gobe za ta duba ta ga ɗaya kamar kullum, ta ɗauka mantawa aka yi da nata, ta tashi ta ci abinci. Wa na cuta? Ba don ni na yi ba.

Na daɗe ban ji sanyi a raina haka ba. Har shayin Dogo na saya.

Juma'a, 4:50 na yamma

An goge. Ƙarfe uku Oga ya danna, ko minti biyu ba a yi ba. Dogo ya juyo da kujerarsa yana washe baki.

"Anti, ɗan ƙarin nan nawa ya yi aiki fa. Saƙo dubu huɗu da wani abu suka fita yanzu, ba wanda ya dawo."

"Wane saƙo?"

"Wanda kika sa wa hannu mana. Duk mai bin da ya sake shigar da kalma, an gaya wa mai shafin, da suna da lokaci. Don su san su waye ke karanta su."

Na ce ya matsa. Na nemo da kaina. Ni na sa wa asusun suna shekara huɗu da suka wuce, kuma ban sa cikakken suna ba, don me zan sa?

"Umma ta shigar da kalmar sirrinta yau da ƙarfe 9:12 na safe."

An kai. An buɗe 3:04.

Asabar 22, 8:00 na safe

"Ko wane ne kai, ka ji tsoron Allah. Uwata ta rasu. In wayarta ka tsinta, kalmar fa, a ina ka samo? Me na yi maka?"

Minti biyar bayan nan ta canza kalmar.

Lahadi 23, 3:00 na yamma

Kowace awa wayar tana cewa an ƙi. An ƙi. An ƙi. Na kashe mata murya, amma in na wuce ina ganin haskenta ta tsagar durowa.

Ban san ko ta tashi lafiya ba. Wannan ne karo na farko da ban sani ba.

Litinin 24, 11:30 na safe

Lambarta ta fito a wayata muna tsakiyar taro. Na tashi na fita.

"Yaya."

Na jingina da bango.

"Ba sulhu na kira mu yi ba, kar ki ɗauka. Wani ya shiga asusun Umma."

Muryarta ta dushe. Ta ce kwana uku ba ta kwana a ɗakinta ba, tana wajen abokiyar aikinta, saboda mutumin ya karanta duk abin da ke shafin: layin da take, lokacin da take fita, makullin ƙofarta da ba ya kamawa.

"Kalmar nan ni da ita kaɗai muka sani. Ke ce kike aikin nan. Ki gano min ko waye."

Na ce to.

"Zan zo Asabar. Ba na son a waya."

Na ce to. Na ce, "Kin ci abinci?" Ta ce ba ruwana, ta kashe.

Na ji muryarta. Allah na tuba, daɗi na ji.

Talata 25, 1:15 na rana

Na tambayi Dogo a kaikaice ko saƙon nan zai iya fita da kansa ba tare da an shigar da kalma ba. Ya ce ranar sauyi komai na iya faruwa, in wani ya yi ƙorafi kawai in ce masa kuskuren inji ne, ba mai musu.

Ga mafita nan a tafin hannuna. Kuskuren inji ne, Auta, ba wanda ya karanta komai, koma ɗakinki ki yi barci. Za ta samu sauƙi. Ba don ni ba.

Rajistar ma'aikata dai tana nan da sunana, 9:09. Ba ta goguwa, na tabbatar da haka tun lokacin da na gina ta. Amma wa zai duba?

Alhamis 27, 6:20 na yamma

Na kashe wayar, na naɗe ta a tawul, na sa a babbar tukunyar da ke saman kabad ɗin kicin. Na wanke labulen ɗakin Umma, na rufe kwalbar man zafi da kyau. Gidan ya yi wani irin shiru da ban san shi ba. Sai yanzu ya yi kama da gidan da aka yi rasuwa.

Juma'a 28, 7:00 na safe

Kuskuren inji ne. Kuskuren inji ne. A gaban madubi yana fita lafiya lau.

Asabar 29, 6:30 na yamma

Ta zo wajen sha biyu. Ta rame, wuyan nan duk ya fito. Ba ta rungume ni ba, ni ma ban matsa ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Umma ta leƙa, ta dawo kicin ta ja kujera ta zauna, jakarta a cinya kamar mai jiran likita.

"Kin gano?"

Na ce kuskuren inji ne. Na faɗa tsaf, har da bayanin ranar sauyi. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya karanta.

Ta rufe ido, ta saki numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta ce, "Na gode, Yaya." Ta jawo burodin da na ajiye ta ci rabi, ina tsaye ina kallo. Na ce a raina shi ke nan, ya wuce.

Sai ta buɗe jaka ta yago takarda, ta yi rubutu, ta ninke sau biyu, ta turo min a kan tebur.

"Sabuwar kalmar ce. Tunda inji ne, ki mayar mata da asusunta yadda yake. Ya riƙa zuwa kawai. Kar ki yi min dariya." Ta ɗan yi murmushi, na farko tun shigowarta. "Na san ba za ki karanta ba. Duk abin da ke tsakaninmu, wannan kam ba halinki ba ne."

Na kalli takardar. Ban taɓa ta ba. Na hau kujera na sauko da tukunyar, na warware tawul, na ajiye wayar a gabanta.

Ta daɗe tana kallonta. Ta juya bayanta, ta shafa wajen da ya tsage.

"Tun yaushe?"

"Tun sati biyu da rasuwa."

"Duka?"

"Duka."

"Har abin da na rubuta a kanki."

"Har shi."

"Ranar Juma'ar nan ma ke ce."

Na fara cewa na ga ba ta cin abinci, na ji tsoro, ban san saƙon zai fita ba. Ta ɗaga min hannu. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Karatun, wataƙila wata rana ya wuce. Ƙaryar wayar ma haka. Amma kin san me ya faru da saƙon nan ya shigo? Ina tsaye ina wanke kofi. Na karanta, Umma ta shigar da kalmar sirrinta. Yaya, kafin tsoro ya zo, na fi minti goma ina murna. Na zauna a ƙasa ina dariya, ina cewa ashe kina nan, ashe kina ji. Ni da na ga an fita da ita da idona. Minti goman nan ne ba zan yafe miki ba."

Ta mayar da takardar cikin jaka, ta ɗauki wayar. Na raka ta bakin titi, ba ta hana ni ba. Mun tsaya tare har mota ta zo. Ta shiga ta zauna ta ɓangaren da ba na ganin fuskarta.